Yadda Za Ka Mai da Shanshanin Ɗakinka Mafi Girma a Duniya

Idan shanshani ya taɓa ba ka kunya a gaban iyali, share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari har yaran unguwa sai sun riƙa nuna ka da yatsa. Wani mai aski ya gwada su, kuma da labarinsa za a koya maka.

Mataki na 1: Sauko daga kan tebur

Mai aski na shan shayi da safe, surukarsa da ta zo ganin 'yarta tana gefe tana jan carbi, sai ga shanshani daga ƙarƙashin kujera. Bai san lokacin da ya haye tebur ba, kofi a hannu. Tsohuwa ta zare silifa ta kwaɗe abin, ta ci gaba da laziminta. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Mai aski ya sauko a natse, ya ce ƙwan lantarki yake dubawa. Kai ma tanadi irin wannan uzurin tun kafin buƙata ta taso.

Mataki na 2: Ɓatar da gawar

Share ta da kanka, ka jefa a kwata. Shanshanin da ke hannu ba ya ƙara tsawo.

Mataki na 3: Zaɓi mai sauraro

Fara da wanda ba zai iya musu ba. Mai aski ya jira sai da ya ɗora reza a maƙogwaron wani tela, sannan ya ce, "Jiya na kashe shanshani, ya kai taƙi guda." Tela ya yarda nan take.

Mataki na 4: Kada waya ta razana ka

A kowane shago akwai mai bincike. A nan wani direban tasi ne, wanda ya latsa wayarsa ya ce mafi girman shanshani a duniya bai fi tsawon rular makaranta ba, kuma har jemage yake kamawa a kogo.

Mai aski ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan wanda suka samu suka auna ke nan. Nawa wa ya auna?"

Daga ranar sai taƙi ya zama kamu. Kamu ya zama tsawon bel ɗin wando. Yi ƙarin a hankali, kuma kada ka taɓa ragewa, masu sauraro ba sa yafe ragi.

Mataki na 5: Raba shaida da jama'a

Nan ne mai aski ya yi sakaci. Tela da direba suka biyo shi gida don su gaishe da tsohuwa. Ana gama gaisuwa direba ya gyara zama.

"Mama, wai da gaske shanshanin nan ya kai bel ɗin wando?"

Mai aski ya ƙura wa tabarma ido.

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi baƙi. "Bel? Ai yaron nan kawaici ya yi muku. Ya fi haka."

Mai aski ya saki numfashi, har ya fara murmushi.

"Shi ya sa ban ga laifinsa ba da ya haye tebur," in ji ta. "Ni ma da ƙyar na kashe shi."

Direba ya nemi izinin fita waje. Daga tsakar gida ana jiyo shi yana dariya har da tari.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk wani laƙabi da za a liƙa maka, ko igiyar takalmin da za a riƙa jefowa cikin shagonka ana ihun "Ga shi nan!" Idan kuma na gaske ya cije ka, tafi asibiti, can ba sa tambayar tsawo. Shi dai mai aski yana nan lafiya, sai dai yanzu da an ambaci ƙwaro, ko da kiyashi ne, injin aski yake kunnawa.