Saje Tanimu Ya Je Neman Ganye

Saje Tanimu ya yi shekara talatin da biyar yana aikin ɗan sanda a Funtuwa, kuma a zamaninsa ba wanda ya tsana irin ɗan wiwi. Ko a iska ya jiyo warinta sai ya bi sawu har ya damƙo mai ita. To, ritaya ta zo, tsufa ya biyo baya, sanyin ƙashi ya sauka a gwiwoyinsa ya yi zamansa. Ya sha ƙwayoyin asibiti har cikinsa ya fara ƙuna, matarsa ta shafa masa man zafi har ta gaji, an yi ƙaho, an yi tsaga, shiru. Salla ma sai a kan kujera. Rannan a majalisa wani tsohon direba ya raɗa masa cewa wai a ƙasashen Turawa ganyen wiwi ake dafa wa tsofaffi kamar shayi, ciwon ya kwanta. Saje ya ja tsaki, ya ce Allah ya sawwaƙe. Amma da aka je wani ɗaurin aure ya kasa tashi daga tabarma, sai da ƙarti biyu suka ciccibe shi a gaban surukansa, washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa zuwa bakin tasha, wurin Ilu mai faci, wanda ya taɓa kamawa har sau huɗu. Shi ma Ilu yanzu gemu ya yi fari fat.

"A'a! Yallaɓai da kansa? Yau kuma me na yi?" in ji Ilu.

"Ba ka yi komai ba, Malam Ilu. Zumunci ne."

Jin an kira shi Malam, sai Ilu ya ajiye tayar da ke hannunsa ya gyara zama. Saje ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafin gari, sannan ya waiga hagu da dama ya rage murya.

"Dama ganyen nan nake cigiya."

"Zogale? Ai ga shi nan a bayan gidanka."

"Ba shi ba. Wancan dai."

"Rama? Ko lalo?"

"Kai Ilu, ka ji tsoron Allah! Wanda ka sani, na sani."

"Yallaɓai, tun marin da ka yi mini a caji ofis kunnen nan ba ya gane kwana-kwana. Faɗi sunansa kawai."

Gumi ya karyo wa Saje. Ya ce a hankali, "Wiwi."

"Na'am?"

"Wiwi na ce!"

Har mai shayin da ke gefe ya waigo. Saje ya yi maza ya ɗaure fuska. "Amma kada ka haɗa ni da irinku. Ni ba shaye-shaye zan yi ba. Lalura ce, magani zan yi da ita saboda gwiwa."

Ilu ya miƙe tsaye cak bai dafa komai ba, ya tsuguna, ya sake miƙewa, ya karkaɗe wandonsa.

"Allah sarki, Yallaɓai. Ai ni ma duk kamun nan da ka yi ta yi mini, rigakafi nake yi."