Ranar da Na Bar Surukata a Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗiyata ta fari. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Madarumfa ba za su bari ba.

Surukata Hajiya ta zo daga Gabi tun ana jibi suna. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma na san kallon da take yi mini: ɗan gayun da ko akuya bai iya ɗaurewa ba. Abin yana ci mini rai. Sai na ƙudura ni zan mayar da ita gida a motata, ta san ɗiyarta magidanci ta aura.

Motar kuwa kwana biyu tana shaƙewa, aka ce buji ne, wato fulogi. Na sayo sababbi a Maraɗi, na ce gareji na mene ne, abin da bai wuce kwancewa da ɗaurewa ba? Da sanyin safiya na buɗe gaban mota, na fizge wayoyin gaba ɗaya kamar mai cirar gyaɗa, na ɗaura buji, na mayar da wayoyi yadda suka fi yi mini kyau a ido. (Ashe kowace waya da gurbinta. Wa ya gaya mini? Wa ma na tambaya?) Kafin in tayar in ji, aka ce liman ya iso, sai na rufe na tafi raɗin suna.

Yinin ranar baƙinmu na Gabi ba su da hira sai ta 'yan bindigar bakin iyaka. Ni kuwa na ci naman suna na ƙoshi, na bugi ƙirji na ce, "Ni in sun zo, sai dai a ga gawata, ba dai ƙeyata ba!" Na ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida.

Da la'asar mata suka rako Hajiya ta shiga kujerar baya ta mota, maza na zaune a kan tabarmi. Na gyara hula, na murɗa makulli.

Tau! Tau-tau!

Wallahi ban san lokacin da na fita ba. Na tsallake dattawa ina ihu "Sun zo!", na haye katangar maƙwabci da babbar riga, na faɗa garken awaki na lafe. Wasu ma sun watse, ban musa ba, amma ni na ja gaba.

Can na ji shiru. Sai muryar Hajiya, a natse, daga cikin hayaƙi (ƙofar baya ba ta buɗuwa ta ciki):

"Ku ce ma uban ɗiya shi hito, ba kowa. Motatai ce ta yi tusa. In ya samu sarari shi zo shi buɗe mani."

Na dawo da takalmi ɗaya, kashin awaki a gwiwa, dattawa na dariya har da hawaye. Na buɗe mata kaina a ƙasa. Ta fito ta gyara mayafi ta ce, "Allah shi yi albarka," ta bi motar kasuwa. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya: wayar buji ɗaya bayan ɗaya ake cire ta. In kuma gudu ya kama ka, ka fara buɗe wa surukarka ƙofa.