Rasuwar Jumare a Kan Yashin Katagum

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, da ido wanda bai bushe ba tun ranar Lahadi, ni Juwairiyya, matar marigayi Malam Yunusa mai albasa na nan Katagum, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar babur ɗinmu, wanda kowa ya sani da suna Jumare. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi a kan yashin kogi, a gaban jama'a masu yawa, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar wata Juma'a Malam ya shigo da shi daga Azare, ko ledar kujerarsa ba a yage ba, shi ya sa ya raɗa masa wannan suna. Marigayi Jumare mai haƙuri ne, ba mai yawan cin mai ba. Buhu uku na albasa ake ɗaura masa, ya tafi bai yi gunaguni ba. Shi ya kai ni asibiti ranar da na haifi Munira, autarmu, ana tsuga ruwan sama. Bai taɓa ƙin tashi ba. Ko lokacin sanyi tari biyu yake yi, kuf, kuf, sai ya kama, tu-tu-tu-tu, har kajin gidan sun san muryarsa ba sa watsewa. Ba a taɓa buɗe injinsa ba. Tsawon rayuwarsa taya aka canza masa da fulogi, sai sarƙar da ke juya tayar baya, wadda Malam ya cire a shekara ta huɗu ya ce ta gaji.

Malam ba ya yar da abu. Ya miƙo min tsohuwar sarƙar ya ce in adana, na sa ta a langa a ƙarƙashin gado. Duk shekara idan ina wanke kwanukana kafin Sallah sai in fito da ita, in wanke ta da kananzir, in shafe ta da man gyaɗa. Da Allah ya yi wa Malam rasuwa shekara uku da suka wuce, na ƙara ƙaimi. Wanda ya gan ta tana sheƙi zai rantse jiya aka kwance ta daga kwali.

Ga yadda ajali ya zo. Da ranin bana injin ban ruwan lambunmu ya mutu, albasa kuwa fangali arba'in ce, ita ce abincinmu da irinmu na baɗi. Mijin ƙanwata Asma'u, da ke wani ƙauye can ƙetaren kogi, ya yarda ya riƙa ara mana nasa Litinin da Alhamis. Ƙanena Ya'u, wanda ke riƙe da lambun tun rasuwar Malam, shi yake ɗaure injin a bayan Jumare ya kawo da safe, ya mayar kafin la'asar, don ba ya kwana a hannunmu. Ban ruwa shida suka rage mana mu cire albasa. Shida kacal.

Ana haka ƙungiyar 'yan babur ta yi shelar tsere a kan yashi, wanda ya zo na ɗaya a ba shi sabon injin ban ruwa. Ya'u ya zo min da maganar shiga tseren da Jumare, na ƙi. Ya dawo na sake ƙi. A karo na uku ya faɗa min mijin Asma'u ya fara ɗaure fuska, ranar Alhamis ma sai da ya bar shi tsaye a ƙofar gida har rana ta ɗaga. Ban ce e ba, amma na ɗauko makulli na ajiye masa a kan tabarma.

Tseren yana da dokoki. Kowa ya sa hular kwano, ba a ture ɗan uwa, a zagayo tuta sau uku. Babbar doka kuwa ita ce babur ya zo yadda kamfani ya ƙera shi, domin wai bara wasu sun sauya kayan ciki sun ƙara gudu. An yafe taya, an yafe fulogi, ba a yafe sarƙa ba, kuma har yau ban san wanda ya zauna ya yanke haka ba.

Mai duba baburan shi ne Nonso, mai shagon kayan babur a Azare, wanda ya san Jumare tun yana cikin leda. Ranar Asabar ya zagaya shi, ya durƙusa, ya leƙa, ya ce ya daɗe bai ga babur mai kayansa na asali haka ba. Da ya kai kan sarƙa sai ya girgiza kai, ya ce wannan ta kasuwa ce, doka ba ta yarda ba. Sabuwa ta kamfani babu a shagonsa, sai an aiko daga Kano ranar Talata, tsere kuwa gobe ne. Ya'u ya juyo ya dube ni. Ba shi ya tuna da tsohuwar sarƙar ba, jama'a su shaida. Ni na tuna, kuma ni na taka da ƙafata na je gida na ɗauko langar.

Nonso ya ɗaga sarƙar a rana, ya ga tambarin kamfani, ya lanƙwasa ta gefe ya ga yadda ta saki.

"Hajiya, tambarin daidai ne, doka ba za ta hana ba," in ji shi. "Amma da ƙanena ne zai hau, ba zan sa ta ba."

Na ce, "Shekara bakwai tana hutawa. A sa."

Ranar Lahadi ina bakin gaɓa tare da mata. Babura goma sha huɗu suka tashi. Ban taɓa jin Jumare ya ɗaga murya irin ta ranar ba, wuuu, kamar wanda aka daɗe ana dannewa. Zagaye na farko shi ne na uku. Zagaye na biyu ya wuce su duka, mata suna ta jijjiga ni, ni kuwa na riga na fara tunanin inda zan ajiye sabon inji. A kwanar ƙarshe, tuta tana gabansa, muka ji ƙas. Sarƙar ta tsinke, ta naɗe, ta daki injin ta fasa shi. Tayar baya ta ƙame. Ya'u ya yi sama ya faɗo a kan kafaɗa. Kafin in isa, baƙin mai ya gama tsiyaya yashi ya shanye. Marigayin ya yi tari ɗaya, kuf, bai yi na biyu ba.

Ya rasu ya bar ni, da 'ya'ya huɗu, da Ya'u wanda ke kwance hannunsa na dama a ɗaure da karan ɗori, da hular kwano ta aro da ta tsage, da fangali arba'in na albasa waɗanda rabonsu da ruwa tun Alhamis. Mijin Asma'u ya aiko cewa injinsa yana nan, duk mai so ya zo ya ɗauka ya mayar kafin la'asar. Da me? Na gwada neman amalanken shanu, an ce zuwa kaɗai rabin yini ne. Masu babur na haya da suka ji nauyin injin da zurfin yashin ƙetare, kowa ya ce yana da uzuri.

Ina roƙo kada a zagi Ya'u, kada a zagi Nonso, kada kuma a zagi kamfani. Sarƙarsu ta yi aikinta shekara huɗu ta gama, Malam ya sani ya sallame ta. Nonso ya zo jiya har gida, ya duba gawar, ya ce babu abin da walda za ta yi. Bai tuna min maganarsa ba. Da ya tuna min ma da ya fi min sauƙi.

An ce wanda ya ci tseren mutumin Bulkachuwa ne, ban riƙe sunansa ba. Ina taya shi murna tsakani da Allah. Idan wannan sanarwa ta iske shi, ko ta iske wani mai inji, ya sani mako uku kawai nake nema.

Gawar tana zaure an lulluɓe ta da buhu, mai son ganinta ya zo yau. Gobe Laraba bayan la'asar za a ɗora ta a kura a kai wa bakanike, ya kwance abin da ya rage da rai a raba wa masu buƙata. Ba za a yi zaman makoki a gida ba, ba tabarma, ba gumba. Za a karɓi gaisuwa a lambu, bayan rijiyar fadama, daga fitowar rana har ta yi zafi, kullum, har ranar da aka cire albasa. Maza da mata, kowa ya zo da bokitinsa, mai guga ya zo da igiya. Wanda ya riga ni isa kada ya jira ni. Ya fara da fangalin gabas, su ne ganyensu ya fara kwanciya.