Ludayi Biyu na Garin Alkama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da wata ƙaramar Salla da muka yi a Filinge, shekaru kaɗan kafin Nasara su naɗe kayansu. Lokacin maigidana komi ne, wato mai rubutu, a ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Ni kuwa matar komi ce, kuma na ɗauki wannan matsayi da nauyi fiye da yadda shi ya ɗauki nasa.

Kafin a maido mu gida Kurfai, ƙasar da Filinge take ciki, mun yi shekara uku a Yamai, a can na koyi yin gato, wato kek irin na Faransawa, wurin kukun wata Madam. Ba ni da murhu irin na Nasara. Tukunyar ƙarfe nake zuba wa yashi, in ɗora kwanon ƙullu a kai, in rufe, in jera garwashi bisa murfin. Da ƙamshi ya tashi, unguwar ma'aikata duka ta san matar komi tana aiki. (Ni ce fa na hana yaran unguwa su ce mini Inna, na ce Tanti za su riƙa cewa. Ni da aka haifa cikin bukkar kara a bakin gonar gero.)

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Manjo, babban ma'aikacin asibitin garin. Matarsa Rabi 'yar garin Bankuku ce, mace mai sanyin magana, ta ɗauke ni kamar yayarta, da Yaya ma take kirana. 'Yarsu ɗaya, Zali, shekararta shida. A gidan ma'aikaci a wancan zamani, karin kumallo da burodi shi ne alamar an ci gaba, su ma haka suke yi kullum. Amma Zali ba ta da lafiya tun tana ƙarama: ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, zawo ba ya tsayawa. An yi na asibiti, an yi rubutu, an yi saiwa, ba a dace ba. Sai wani likita Bature da ya zo rangadi daga Yamai ya duba ta, ya yi ta tambayar abin da take ci, daga ƙarshe ya ce a raba ta da duk abin da aka yi da alkama. Burodi, taliya, fanke, gato, duka. Mu mata muka yi ta dariya a ɓoye, wai burodi ne ciwo. Amma cikin wata uku yarinyar nan ta yi kumatu, ta fara tsalle-tsalle a tsakar gida.

Ana saura kwana biyar Salla, mata sun taru a gidana ana kitso, ina ba su labarin gaton da zan yi bana. Zali tana jingine da uwarta, ta ɗago kai ta ce, "Tanti, ni ma zan ci?"

Rabi ta shafa kanta ta ce, "Ke kin san ba ki ci. Zan yi miki nakiya."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai. Ni kuwa da na ga idanun mata a kaina, sai na ji bakina yana cewa, "Bar ta, Rabi. Zan yi mata nata na gero zalla, ba ko ƙwayar alkama. Ai wanda ya iya, da kowane gari yana yi."

Ban taɓa yi ba. Ban taɓa ganin an yi ba. Ban ma taɓa jin wanda ya ce ana yi ba.

Washegari na tankaɗe garin gero sau uku, na fasa ƙwan zabi, na narka man shanu, na zuba sukari da hodar da ke sa ƙullu ya tashi. Abin da ya fito daga tukunya, da za a jera irinsa goma da an tada katanga. Na koma garin shinkafa, wannan kuma da na taɓa shi sai ya watse kamar yashi. Na haɗa su biyun, ya ƙone a gefe, tsakiya ɗanye. Duk a ɓoye nake wannan, ina azumi, ba damar ko ɗanɗanawa. (Na farkon na kai wa akuyarmu bayan ɗaki. Ta shinshina, ta dube ni, ta koma ga karanta.)

Akwai tsofaffi a garin da suka shekara hamsin suna sarrafa gero, masu masa, masu fura, masu nakiya. Tafiyar minti kaɗan ce zuwa bakin kasuwa in tambaya. Amma yaya za a yi a ji matar komi, wadda ta zauna Yamai, ta je neman ilimi wurin mai tuyar masa?

Ranar jajibiri da hantsi na tsaya gaban ƙullu na huɗu. Gwangwanin garin alkama yana nan kan kanta a ɗakina. Na ce a raina, ludayi biyu cikin kwano guda na gero, me zai yi? Nasara dai da son ƙara wa abu gishiri. Yarinya ta warke, Salla ce, sau ɗaya ne. Na kawo wa kaina hujja ta fi goma, duk na karɓe su. Na debo ludayi biyu na zuba.

Ya tashi. Ya yi kyau har ni ma na tsaya ina kallonsa.

Bayan an sauko daga idi na rufe shi da farin ƙyalle na kai da kaina. Manjo yana zaure da baƙi, ya tsayar da ni ya ce, "Matar komi, kin tabbata babu alkama ciki?"

Na ce, "Gero ne, da ƙwan zabi, da man shanu, da sukari."

(Kun ga dabarar. Duk abin da na lissafa yana ciki. Na tafi ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ranar Salla ba.)

Ya sa mini albarka gaban mutane. Rabi ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta yanka wa surukarta ɗan yanki ta aika mata ƙauye, sauran ta ɓoye wa Zali ita kaɗai, tana ba ta safe da yamma har kwana uku. Ni kuwa duk gidan da na shiga yawon Salla sai an ce ga wadda ta mai da gero gato, ina cewa ai ba wani abu ba ne.

A rana ta huɗu ciwon ya dawo.

Katangarmu ba ta da tsawo, komai ana ji. Na ji sawun Rabi tana kai yarinyar bayan ɗaki tana dawowa, ba iyaka. Na ji Zali tana nishi, cikinta ya sake ɗaurewa. Sannan da la'asar na ji muryar Manjo, ba da ƙarfi ba, amma da na ji ihu da ya fi mini sauƙi.

"Rabi, mi kinka ba ta?"

"Wallahi Malam, ban ba ta komi ba sai abin da ka sani."

"Kwanaki da ta yi kuka, ba ke kinka gutsura mata burodi ba?"

"Wannan tun farko ne, kuma na tuba."

"To ki tuna da kyau. In ba ki iya riƙon ɗiyar nan, ki ɗaure kayanki ki tahi Bankuku, Inna ta zo ta riƙe ta."

Ina tsaye da tsintsiya a hannu, taku uku daga katangar. Kalma ɗaya ce za ta raba wannan rigima, kuma tana bakina. Na ci gaba da shara. Kwana huɗu na yi shiru. Har dubiya na shiga, na kai kunu, na ga kayan Rabi a ɗaure a gefen gado, na ce Allah ya sawwaƙe, na fito. A cikin duk abin da na yi, wannan kunun ne har yau ba na iya tunawa ban runtse ido ba.

A rana ta biyar da dawowar ciwon, da safe, aka yi sallama. Inna Hajo ce, mahaifiyar Manjo, ta zo daga ƙauye, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai zoben azurfa a yatsa. Tana ɗauke da ƙwaryar garin gero. Bayanta Rabi, ta goyo Zali kamar jaririya, ƙafafun yarinyar suna reto. Sai maƙwabta biyu da suka ji za a yi gato suka biyo. Manjo ya tsaya a zaure tare da maigidana.

Inna Hajo ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Ɗiyata, yarinyar nan ta ƙi cin komi, ta ce sai gaton Tanti. Ga gari, ni na daka shi da hannuna. Ki yi muna shi nan gabanmu, Rabi ta koya, kar mu riƙa wahal da ke."

Na ce to. Me zan ce?

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Na tashi na shiga ɗaki da sunan ɗauko sukari, na ɗora hannu kan gwangwanin nan. Na yi tunanin yadda zan ɓoye garin cikin sukari ba wanda ya lura. Daga ƙofar ɗakin ina hango Zali, kanta a kwance a kafaɗar uwarta, leɓɓanta sun bushe, tana kallon tukunyata da murna. Na janye hannuna. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba, har da tsoron idon tsohuwar, amma dai na janye.

Na fito na fara aiki. Na kaɗa ƙwai har hannuna ya yi tsami, ina bayani da 'yan kalmomin Faransanci da na tsinto, ina jan lokaci kamar wani abu zai faɗo daga sama. Na rufe tukunya, na jera garwashi. Muka zauna. A raina ina roƙon Allah ya sa gero ya canza halinsa saboda ni, yau kaɗai.

Na buɗe murfin. Abin yana kwance a gindin kwano, toka-toka, ya tsattsage kamar ƙasan tabki da rani. Na juye shi kan faifai, ya faɗo da ƙara. Inna Hajo ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, kowa ya ji.

Na ce, "Garwashin ne bai kama ba." Na sake cewa, "Ko ƙwan ne ya kwana biyu."

Tsohuwar ta dube ni ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ɗiyata, tun ban kai tsawon turmi ba nike dakan hatsi. Hatsi bai tashi haka nan don an roƙe shi. Yankin da anka aiko mini ran Salla, ina sa shi baki na san akwai baƙo ciki. Ban so in faɗa ba sai kin faɗa da kanki. Mi kinka sa?"

Ashe ba koyo aka zo yi ba.

Na ce, "Ludayi biyu."

"Na mi?"

"Na garin alkama."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta yi salati a hankali. Ni ina kallon ƙasa, ina jiran Rabi ta zage ni, ina ma fatan ta yi. Ba ta zage ni ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "Yaya, ashe kina jina ta katanga."

Abin da ta faɗa ke nan, ta juya ta fita. A zaure na ji Manjo yana ce mata, da wata murya da ban san shi da ita ba, ta yi haƙuri ta kwance kayanta. Maigidana ya shigo, ya dubi abin da ke kan faifai, ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya tafi ofis bai karya ba. Da la'asar shi ya rako ni gidan Manjo, na durƙusa gaban Rabi na nemi gafara. Ta ce ta yafe, idonta a kan 'yarta.

Zali ta ɗauki makonni kafin ta dawo daidai, amma ta dawo, alhamdu lillahi. Inna Hajo ba ta koma ƙauye ba sai da ta zaunar da ni kamar sabuwar amarya. Ta sa na jiƙa shinkafa, na niƙa, na bar ƙullun ya yi tsami kamar na masa, muka zuba zuma da ƙwai da dakakkiyar gyaɗa, muka gasa a tukunyar tawa. Bai yi tsawon na Nasara ba, amma ya yi laushi, ya yi ƙamshi, kuma yarinyar ta ci ta kwana lafiya. Tsohuwar ta ce da na tambaya tun farko, da ko mai masar bakin kasuwa ta nuna mini.

Rabi ba ta sake taka gidana ba sai bayan babbar Salla. Muka koma zumunci, har aka canza wa Manjo wurin aiki muna tare. Amma duk ranar da za mu yi wa Zali gashi, da kwanonta da rariyarta da ludayinta take zuwa, kuma ba ta tashi daga gefena har a sauke. Ban taɓa jin haushi ba.

Shi ya sa har yau, in na miƙa wa mutum abinci, sai na tsayar da shi na lissafa masa duk abin da ke ciki, har gishiri da kanwa, ko bai tambaya ba, ko yunwa na cinsa. Jikokina suna raɗa wa juna cewa tsufa ne ya kama Kaka. Na bar su a haka, don ya fi mini sauƙin ɗauka.