Sanda a Kan Layin Dogo

Hajiya Safiatu tana goga goronta na la'asar a kan murfin gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, domin haƙoran da suka rage mata ba su isa faɗa da goro ba. Garin yana zuba ja-ja a tafin hannunta, sai ga jikanta Latif ya ɗaga labule, kyamara a wuya, jar ƙasa har gwiwar wando.

"Barka da hutawa, amarya. Na same ki lafiya?"

"Lafiya lau, kafin ka shigo. Wane irin miji ne wannan, ya fita tun azahar ya dawo ba ko ƙullin gishiri?"

"Ƙauye guda na kawo miki a akwatin nan. Motar haya, torotoro, ta sauke ni gaba da Atonsu, na bi tsohon layin dogo da ƙafa."

Hannun Hajiya ya tsaya. A ƙauyen bakin layin nan ɗanta na fari, Wahab, uban Latif, yake jinya tun da ciwo ya kashe masa ɓarin jiki. Gwiwoyinta sun daina hawa mota, ga ta 'yar tsohuwar tarbiyya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Duk wanda ya dawo daga can sai ya ce "da sauƙi", ita kuwa ta raka masu sauƙi da yawa da ido har bakin zaure a makara. Abu ɗaya take son sani: ya tashi ko yana kwance?

Ta ci gaba da guga. "Nuna mini shirmen."

Latif ya durƙusa kusa da tabarmarta ya juyo da fuskar kyamarar. "Ga ƙarfen jirgi. Ya yi tsatsa, ciyawa ta haɗiye shi. Sa'arki ne, amma ya fi ki ƙwari."

"Shi ko banza jirgi ya taɓa bi ta kansa. Kai wa ya taɓa waiwayarka?"

"Ga akuya tana barci a tsakiyar layi."

"Ka gaishe ta da ladabi? Ita kaɗai ta rage da za ta aure ka."

Ya nuna mata barkonon da mata suka shanya a kan katakon layi, ja kamar garwashi. Ya nuna mata ganyen ayaba da rana ta huda, da dogon ƙarfen da yake tsayar da jirgi a da, yanzu an ɗaura masa igiyar shanya.

"Kai, ƙauyen nan annoba aka yi? Ba mutane?"

"Akwai mutane paa, cike da gari. Wa kike nema?"

"Ni? Wa na ajiye a can?"

"To ga wata akuyar."

"Allah ya haɗa ka da suruka mai sanda! Wuce akuyar nan."

"Ki ce, Latif, yaya ɗana? Shi ke nan, Kaka. Ba za a kai ki kotu ba."

"Uwarka ce 'yar zamani, mai kiran ɗan fari kamar tana kiran mai koko. Mu da kunya aka yaye mu."

"Kunyar ta taɓa ba mara lafiya ruwa? Ko jira kike sai mutanen unguwar Zango sun cika gidan nan da gaisuwa, sannan ki ce wai wancan mutumin ya tafi?"

Garin goro ya zube a kan zaninta, ba ta kakkaɓe ba.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ta ce a hankali.

Latif ya sunkuyar da kai, ya danna hoto na gaba.

Ga Wahab tsaye a tsakiyar layi, rana tana bayansa. Ya rame, kafaɗa ɗaya ta sauka, amma ƙafarsa tana sama, tana neman katako na gaba. A hannunsa akwai baƙar sanda mai kan azurfa.

"Kullum bayan azahar haka yake bin katakon nan, ɗaya bayan ɗaya," in ji Latif. "Yau har gindin mangwaron tasha ya kai."

Hajiya ta daɗe tana kallo. "Ka ɗauki mutum a karkace. Ko hoton ma ba ka iya ba."

"Na yarda. Amma dubi sandar da kyau. Ba ta marigayi kakana ba ce? Wadda kika ce ɓarawo ya ɗauke daga bayan ƙofa? Kika tara gida kika ce ni na sayar?"

"Sanduna suna kama."

"Matar babana ta ce Mubarika mai waake, shinkafa da waken nan, ce ta kai, a naɗe cikin zaninki mai ruwan goro. Ɓarawon har da saƙo, wai a riƙa shafa masa man kaɗanya a gwiwa."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa da ruwa a ido. Ta jawo ƙwaryar da ke ƙarƙashin gado, ta zaro farin goro babba, wanda ba ta ba ko limami.

"Ungo, munafuki. Toshe bakinka da shi."

Ta dafa bango ta miƙe, ta zare igiyar kyamarar daga wuyansa.

"Ina za ki da ita, amarya?"

"Ɗakin nan duhu. Akuyar nan nake so in ƙara dubawa."

Ta ɗaga labule ta fita, kyamarar a manne da ƙirjinta, rabin goronta yana kan murfin gwangwani.