Shaida ta Goma

"Lafiya lau, in ban da gidan da ka jefa ni," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga maɓallin da take ɗinkewa ba. "Zauna, maigida. Yau kuma wa ka cuta?"

Dillalin ya zauna a bakin kujera, ya ɗora jakar makullai a cinya. Wata huɗu ke nan da ya samo wa kakarsa wannan gida a hawan ƙasa, don gwiwoyinta sun daina shiri da matakala, kuma tun daga ranar take gode masa da zagi. Ya ce tsohuwar da aka raba da hawa bene ai kamata ya yi ta riƙa yi masa addu'a safe da yamma. Ta ce tana yi, kullum tana roƙon Allah ya ba shi sana'a.

Abin da ya kawo shi dai ba na wasa ba ne. Manajan ofishinsu ya kafa doka: duk dillalin da bai tara ra'ayin mutum goma daga abokan cinikinsa a shafin kamfani ba zuwa Juma'a, za a karɓe makullansa a mayar da shi teburin amsa waya. Shi yana da tara, har da na wani bawan Allah da ya rubuta "To" ya kama gabansa. Aikin ya iya, roƙo ne ya gagare shi. Yakan tura saƙo ranar da mutum yake tarewa, lokacin da katifa take bisa kansa. In ba a amsa ba, kunya ta hana shi maimaitawa.

Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ciji zare, ta ce ya buɗe wayar. Sharaɗinta ɗaya: abin da ta faɗa shi zai rubuta.

"Rubuta: ƙeyarsa ta fi falon da ya samo mini faɗi."

"Amarya, mutane fa za su karanta."

"Don su na faɗa. Rubuta: dillali ne da yake kushe hajarsa. Kafin ka ce kana so, ya nuna maka inda bango yake yoyo."

Ya rubuta, yana cewa macen da ba ta da haƙoran cin tuffa bai kamata bakinta ya yi wannan kaifi ba. Ta ce da su ta ciji kakansa, kuma har ya koma ga Allah bai kai ƙara ba. Daga nan muryarta ta ɗan sauka. Ta sa ya rubuta cewa ya auna tsayin dokin ƙofa da tafin hannunsa kafin ya kawo ta, kuma sau uku yana dawowa duba famfon banɗaki ba tare da an kira shi ba. Cikin taurari biyar na yabo da shafin yake bari a bayar kuwa, huɗu ta yanke masa, wai kada ya lalace.

Sai a ƙasan shafin ya ci karo da wani ɗan akwati da ake dannawa kafin a tura. Ya karanta mata: mai wannan ra'ayi ba shi da dangantaka da dillalin.

"Danna. Ni ban san ka ba. Uwarka ma da ƙyar na amince tawa ce."

Yatsansa ya tsaya a kan akwatin. Teburin amsa waya ya faɗo masa a rai, da kujerar wurin mai ƙafa ɗaya gajera. Ya goge rubutun duka, ya kife wayar.

Kaka ta ajiye ɗinkin. Ta ɗauki cokalin shayinta, ta buga bututun ruwan da ya bi ta kusurwar ɗakin sau uku. Haka take kiran ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a samanta. Ba a jima ba matar ta shigo da na'urar awon jini a hannu.

"Ba ni ba ce, 'yata. Wannan ne jininsa ya hau. Wa ya samo miki gida?"

Matar ta ce ai shi ne, har ya hana ta kama wani da ya fi tsada saboda ƙarar injin maƙwabta, ita kuwa da rana take barci. Da ta ji zancen shafin, ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta. Dillalin ya buɗe baki zai ambaci saƙon da ya tura, Kaka ta taka masa ƙafa. A tsaye matar ta rubuta layi shida a wayarta, ta ba shi biyar cif.

"An yi asarar taurari," in ji Kaka bayan ta fita. "Saura gida huɗu a benen nan, duk kai ka kawo su. Cokalina ba na haya ba ne. Ka hau da ƙafarka, ka gaishe su, ka tambaye su baki da baki."

"Ai na cika goma."

"Wata mai zuwa manajan naka zai ce ashirin. Tashi, rago."

Ya yi dariya, ya rataya jakarsa. "Na sallama, amarya. Kin ci gida."

"Wane gidan? Wannan mai yoyo?"

Yana matakala ta biyu ya ji ta ta taga tana ce masa ya gyara wuyan rigarsa.