Rasuwar Murfin Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Valdomiro Prestes, kafinta a garin Santa Eulália, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirginsa na sama, wanda duk gari ya sani da Murfin Tukunya. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gonar waken soya ta Seu Tadeu, yana da shekara uku da fara tashi.

An haifi marigayin a rumfar bayan gida, daga katako da yadi da gam da injin wata tsohuwar mota. A mujalla Valdomiro ya ga zanensa: jirgi mai gajerun fukafukai, faɗinsu ya kusa kai tsawonsu, wanda aka ce ba ya kifewa komai ƙarancin gudunsa. Gaskiya ne, bai taɓa kifewa ba. Abin da mujallar ta ɓoye shi ne, in zai sauka sai ya ɗaga hanci sama har matuƙi ya daina ganin ƙasa. Dole aka yanka masa 'yar taga a tsakanin ƙafafun matuƙi, kuma tun ranar da Valdomiro ya leƙa ta tagar nan ya ga rufin gidansa kamar kwalin ashana, hankalinsa bai sake kwanciya ba.

A ƙungiyarsu ta masu ƙera jirage, wanda ya ƙera shi ne ke hawa. Shi ya sa ya shekara takwas yana goge katakon da ya riga ya yi sumul, yana sake fenti, yana cewa da saura. Ran da dabara ta ƙare ya tashi, ya sauko, abokai suka kwarara masa baƙin mai tun daga kai har ƙafa, yadda ake yi wa duk sabon matuƙi. Har gobe yana gode musu, domin babu wanda ya lura da halin da wandonsa ke ciki.

Marigayin mai sauƙin kai ne. Bai taɓa neman babban ɗaki ba, kuma inuwarsa ta raini kaji bakwai. Valdomiro ya so shi ƙwarai, musamman in yana ƙasa.

Ciwon ajalinsa gajere ne. Suna can sama ya fara tari: tuf-tuf-tuf, tuf, tuf. Sai shiru, ba ka jin komai sai iska tana feɗuwa a jikin wayoyin da ke riƙe da fukafukai. Masu dogayen fukafukai in injinsu ya mutu sai su yi ta shawagi suna zaɓen wurin sauka. Shi kuwa a zaune ya taho ƙasa. Ta tagar nan Valdomiro ya ga gona tana tasowa, daga koren shimfiɗa har ya fara rarrabe ganye. Ya so ya yi addu'a, ta ɓace masa. Sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara ashirin da suka wuce, shi kaɗai ya fito.

Valdomiro ya fita ko ƙwarzane babu, kuma daga nan matsalar ta fara. Anacleto bakanike, shugaban ƙungiya, ya zagaya gawar sau biyu, ya ce, "Haba Miro, wannan ai suma ya yi! Jirgin da ya sauke ka lafiya haka? Lahadi za mu yi masa gayya, kafin wata ya ƙare kana sama."

Valdomiro ya ce, "Kai, madalla," muryarsa kamar ta wani.

Uwargidansa Dona Zuleide kuwa cewa ta yi, "In ka sake hawa abin nan, ka nemi inda za ka sauka, ban da gidana."

Hotonsa na rataye a bangon ƙungiya, an rubuta jarumi a ƙasansa. Da wane baki zai ce musu ko injin niƙa ya ji ya yi tari sai gumi ya karyo masa?

Marigayin ya bar rabin farfela, da taya ɗaya, da kujerar da har yanzu take ɗauke da shatin faratan mai ita, da kajin nan da ba su da inuwa.

Iyalai suna tabbatar wa jama'a cewa mutuwa ce, ba suma ba. Za a ƙona gawar ranar Asabar da azahar a bayan rumfa, sannan a gasa nama, a sha gahawa. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da gam, ko guduma, ko shawara. Ana kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa, don girman Allah, kada ya bi da ita ta garejin Anacleto sai ya ga hayaƙi ya tashi. Anacleto yana da motar ɗaukar kaya, kuma Valdomiro ya san kansa: in aka tambaye shi a gaban mutane, zai ce to.